Sallamar Malam Nomau a Ƙofar Dakta

Da aka fara cirar albasar bana, shekara biyar ke nan da muka ɗauki Malam Nomau muka kai shi makwancinsa a Gehuru. Mahaifiyarsa ƙanwar mahaifina ce, wato taubashina ne, kuma a al'adarmu ɗan mace bawan ɗan namiji ne. Don haka duk wanda ya karanta wannan ya ga na taɓa mamaci, ya yi haƙuri, bawana nake taɓawa. Tun muna yawo ba wando nake tsokanarsa yana ramawa, kuma mutuwa ba ta ƙwace mini wannan haƙƙi ba. Ramuwar kawai ta ƙwace.

Nomau malamin aikin gona ne a wata sakandare ta wajen Maiyama. Ya daɗe yana mataimakin shugaban makaranta har kujerar ta ɗauki siffar mazaunansa. Yaran da ya zane da hannunsa suka je suka yo digiri na biyu, suka dawo suna sa hannu a takardar hutunsa. Da shugaban makarantar ya kusa ritaya, sai magana ta fito cewa mai digiri na biyu za a ɗora. Su biyu ne a layi, shi da wani abokin aikinsa Malam Sambo, mutum mai santsin baki wanda zai iya yi wa kura ta'aziyyar akuya. Duk su biyun suka nemi gurbi a wata jami'a da ke wata jiha, suka samu. Nomau na da furfura a gemu lokacin, kuma ya san in kujerar nan ta wuce shi, ba za ta sake biyowa ta ƙofarsa ba.

Jami'ar ta shimfiɗa wa manya masu aiki hanya uku. Ko ka riƙa zuwa aji duk ƙarshen mako, ko ka yi karatunka ta waya daga gida, ko ka haɗa biyun. Sambo ko tunani bai yi ba ya ɗauki ta waya. Nomau ya ɗauki aji. Ranar da ya zo rumfata a kasuwar albasa ta Aliero ya faɗa mini, na ce masa:

"Kai bawa, mi kaka nema ga wahalar ga? Ga waya nan, ka kwanta bisa gadonka ka yi karatunka kamar kowa."

Ya ce, "Arzika, kai albasa kas sani, ita ma ruɓaɓɓiya. Malamin da ban ga idonai ba, ban zauna ƙasa gabanai ba, mi zan ce na ɗauko wurinai? Karatu zuwa aka yi mai, ba a aika mai yaro."

Ba daga sama ya samo wannan ba. A zauren kakanmu ya tashi, inda ɗalibi ke cire takalmi tun daga bakin ƙofa, ya jira sai malam ya ɗago kai. A wurin Nomau buga wa malami waya kira ne, kuma ƙarami ba ya kiran babba, zuwa yake yi. Wayarsa ma 'yar ƙarama ce mai maɓallai, ɗaure da roba, wadda babban aikinta haska hanyar masallaci. Duk 'yan ajinsu suna cikin guruf ɗin da aka buɗe musu a waya, ban da shi.

Haka ya shiga zirga-zirga. Duk ƙarshen mako yana tashar Jega, an matse shi tsakanin buhu da buhu, har 'yan kamasho suka sa masa Furofesa, suna tambayarsa ko jami'ar tasa ba ta da ƙarshe ne. In da za a miƙe tafiyar da ya yi a jere, da ya kai Makka ya dawo ya sake komawa ɗaukar abin da ya manta. Malamin da aka ba shi ya duba bincikensa, wanda zan kira Dakta kawai, sa'an ɗaliban Nomau ne na farko. Nomau ya kan durƙusa ya gaishe shi, da ƙullin albasa a gefe. Dakta ya sha ce masa, "Baba, ka riƙa turo aikin ta waya mana, ka huta." Nomau ya ce, "Subhanallahi, ni in aiko maka? Ina da ƙahwa." Sau da yawa ya kan tarar da ofis a kulle, ya yini a bakin ƙofa, ya dawo Jega fuskarsa wasai. In na tambaye shi me ya samo, sai ya ce ya dai je.

Gaskiya ɗaya zan faɗa a kan bawana, kuma ba zan maimaita ba: ya yi aikin. Bincikensa a kan ruɓewar albasa ne a cikin rudu, rumbun nan na kara da ciyawa da muke ajiye ta. Ya shiga rudun nawa ya fita har matarsa Kulu ta ce ba za ta sake haɗa wankinsa da na mutane ba. Ya bi manoman Fagada da Kuberi gona gona. Sambo kuwa ban san abin da ya bincika ba, kuma ina zaton in ka tashe shi daga barci ka tambaye shi, shi ma ba zai sani ba.

Aka sa ranar kare kundi, ranar da kowane ɗalibi zai tsaya gaban malamai ya amsa tambayoyi a kan aikinsa. Nomau ya ga sanarwar a allon sashe da idonsa, da sunan ɗakin taron da za a yi. Bayan ya dawo gida sai baƙon malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya ce ba zai biyo hanyar ba, aka mayar da zaman ta bidiyo, kowa daga inda yake. A guruf aka sanar. Sambo ya gani. Tebur ɗaya suke zama da Nomau a ofishin malamai. Ana gobe za a yi, ya ga Nomau ya fito da babbar rigarsa a leda zai tafi tasha, ya miƙa masa hannu ya ce, "Allah shi kiyaye hanya, Malam."

Sauran labarin Nomau ne ya ba ni da bakinsa. Ya isa ɗakin taro da sassafe ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Ya zauna ya jira, ba kowa. Da rana ta ɗaga ya nufi ofishin Dakta, ya ji murya a ciki. Dakta na zaune gaban kwamfuta, ƙofa a rufe, ya toshe kunnuwansa da abin saurare, ana ta zaman. Nomau ya cire takalmi ya yi sallama. Shiru. Ya sake. Ya yi ta uku, sannan ya ja baya kamar yadda aka koya masa, don bayan ta uku ba a ƙarawa. Bai ƙwanƙwasa ba, domin ba a buga wa malami ƙofa yana cikin majalisi. Yana nan tsaye sai ya ji Dakta ya kira sunansa, ya sake kira, sannan ya ce wa na cikin kwamfutar wannan ɗalibi bai hau layi ba, a wuce na gaba. Nomau ya amsa "Na'am" daga bayan ƙofa, da ladabi, ƙasa ƙasa. Katako ne kawai tsakaninsu. Na gaban da aka kira Sambo ne, yana zaune a ofishin malamai a Maiyama, ƙafa ɗaya bisa kujerar Nomau.

Da ya gama ba ni labarin, na yi dariya har na zame daga kan buhu, 'yan dako suka zo suna yi mini fifita. Na ce, "Bawa, kai kaɗai ne duniya ka tahi jarrabawa aka rubuta ba ka zo ba, wanda bai tahi ba aka rubuta ya zo." Da zai dawo yau ya sake ba ni labarin, zan sake faɗowa daga buhun. Shi dai ya kalle ni, ya gyara hularsa.

Da aka tashi zaman Dakta ya buɗe ƙofa ya gan shi, ya riƙe baki, ya ce ayya, amma baƙon malami ya sauka daga layi, sai dai ya jira rukuni na gaba. Kujerar shugaban makaranta ba ta jira rukuni na gaba ba. Aka ba Sambo. Da mutane suka tambaye shi don me bai faɗa wa abokin zamansa ba, sai ya dafa ƙirji ya ce, "Wallahi na aza ya sani. Na ɗauka ziyara za shi." Ziyara da babbar riga da kundi a hamata. Nomau ya ci gaba da shiga ofishin Sambo da safe yana gaishe shi, tunda yanzu shi ne babba.

Daga baya ya sayi babbar waya. 'Yarsa Hadiza ta sa shi a guruf. Kulu ta ba ni labarin cewa in zai aika wa Dakta saƙon murya, sai ya sa hula, ya sauko daga kujera ya zauna a tabarma, ya yi gaisuwa mai tsawo har ya manta abin da ya sa ya danna. Amsa ɗaya ya kan samu, hoton babban yatsa a ɗage. Ya tambaye ni ko zagi ne. Na ce masa ƙwarai kuwa. Kafin a sa ranar rukuni na gaba zazzaɓi ya kwantar da shi, ba a yi wata doguwar jinya ba. A wurin zaman makoki babu wanda ya kai Sambo kuka, sai da na ji tsoron kada a ɗauka shi ne magajin.

Yau da Nomau zai leƙo Jega, ban san inda zai sa kansa ba. Kowa mastas yake yi. Ma'aikacin ƙaramar hukuma na sauraron lakca a bakin tukubar mai tsire, waya a aljihu, malami na ta bayani ga cinyarsa. Na ga wani ya hau saman lodin albasa yana neman sabis, da kaftani mai guga a sama, a ƙasa gajeren wando. Masu haɗa biyun sun fi kowa wayo: a ofis su ce suna makaranta, a makaranta su ce suna ofis, alhali suna gidan biki. Masu zuwa aji kuma, rabinsu ba ilimi suka bi ba, hayaniyar gida suka gudu. Sambo yana digiri na uku yanzu, ta waya, kuma tuni ya sa an rubuta Dakta a bayan motarsa don kada ranar ta zo ba shiri.

Amma ba zan yi wa karatun waya ƙarya don in faranta wa mamaci ba. Hadiza na digirinta na biyu daga ɗakinta, goyo a baya, tukunya a wuta, kuma karatu take yi na gaske, irin na ubanta. Da sai ta bi hanyar da ya bi, da ba ta fara ba. Ba ta taɓa ganin malaminta ido da ido ba, kuma ta ce ba ta ga abin da ta rasa ba. Ubanta dai ya ga nasa malamin, ya durƙusa masa, ya ciyar da gidansa albasa, ga kuma inda ganin ya kai shi.

To me ya rage na Nomau? Digiri babu, kujera babu. Kundin yana cikin akwatin Kulu tare da babbar rigar. A tashar Jega in mota ta ƙi cika, 'yan kamasho su kan ce fasinjoji na zaman Furofesa, kuma yawancin masu faɗar ba su san waye ba. Na daɗe ina zaton aƙalla mutum ɗaya zai riƙe shi a zuciya, wanda aka yi duk wannan ladabin dominsa.

Kwanan baya na haɗu da Dakta a wani ɗaurin aure a Jega. Ya yi ƙiba, ya zama farfesa. Na matsa na gaishe shi, na ce ni ɗan'uwan Malam Nomau ne, ɗalibinsa. Ya shiga lalube a ransa. Na ce dattijon nan mai albasa. Sai fuskarsa ta washe.

Ya ce, "Af, Baba mai albasa! Ina ya shiga ne? Har yanzu bai kare kundin nan ba ko? Ka ce masa ya turo mini saƙo, mu ga yadda za a yi a sa masa rana."

An sanar da rasuwar a guruf tun a lokacin. Ina jin sanarwar ta nutse tsakanin barka da Juma'a da tallar fili.

Na ce, "To, ranka shi daɗe. Amma ka san halin mutumin, bai son aike. Ya hi son ido da ido. Shina nan inda yake, ya tuɓe takalmi, shina jiran ka. Kuma wannan karon kai ka tahiya."

Ya yi dariya, ya dafa kafaɗata, ya ce in sha Allahu zai samu lokaci. Na ce babu shakka zai samu.

Allah ya jiƙan bawana Nomau, ya amsa masa sallamarsa tun daga ta farko.