Ƙwallon Maigida a Gidan Liman

Da aka karɓi mulkin kai, kowa ya samu rabonsa. Maigidana ya yi masinja a wani ofis a Kaduna, nasa rabon kuwa wata sanda ce mai kan ƙarfe a karkace da Baturensa ya bar masa, da 'yan ƙwallaye farare masu taurin tsiya. Wai golf. Da su ya dawo mana Makarfi.

Ana gama yankan dawa ya haƙa ɗan rami a bayan gida, kusa da dangar liman. Wai bugu mai nisa kowane ƙato ya iya, gwaninta ita ce ƙwallo ta ɗan tashi, ta sauka gab da rami ta tsaya cak. In ya ja sandar iya gwiwa, ƙwallo ta faɗi a gabansa. In ya kai ƙugu, ta tsallake danga. Abin da ke tsakanin gwiwa da ƙugun nan, Allah bai ba shi ba.

Gidan liman kuwa namiji ba ya shiga. Ni ce mai yafa mayafi in je roƙo. Matar liman, wadda tun muna amare ba ta taɓa samun fuskar yi mini wasa ba, ta fara tarbata da, "Ungo, uwar 'yan wasa. Gobe ma muna nan."

Sauran ƙwallayen duk sun ɓace a ciyawa, saura ɗaya tal. Na ce wa maigidan, "Malam, in wannan ta tsallaka, ƙafata ba za ta taka gidan can ba."

Ya ce, "Ke me kika sani? Yau hannuna ya zauna."

Ya tattare wando, ya ja har ƙugu. Sai ƙarar kwano muka ji a gidan liman.

Na ci gaba da tsintar wakena. Da ya ga da gaske nake, ya zura babbar riga ya je ya yi sallama. Daga tsakar gidanmu ina jin komai. Liman ya fito, aka shimfiɗa buzu, aka gaisa: iyali, gona, gajiya, aka sake komawa kan iyali. Can liman ya ce, "To, Allah dai ya sa lafiya?"

Dattijo da gemunsa, a zauren liman, ya buɗe baki ya ce ƙwallo ya zo nema? Sai na ji ya ce wai ciwon baya ne ya matsa masa, a taimaka.

Ya dawo da ƙwaryar rubutu, ba ƙwallo. Na tsaya a kansa sai da ya shanye tas.