Babban Kwanon Zulai

Duk rugar da ke tsakanin Gwandu da Maruda ta san ƙarar babur ɗin Malam Sambo. Malamin allurar shanu ne, ɗan Masama, dogo, mai ɗan ranƙwafawa kamar kullum yana duba kofaton wata saniya. Ya kama aiki a shekarun da bushiya, cutar nan mai kwantar da garke, ta addabi makiyaya. Ya yi wa saniya allura, ya tsaga mata kunne don shaida, ya wuce ta gaba. In rana ta take sai a ja shi inuwa, a aje ƙwaryar fura da nono a tsakiya, ludayi yana zagayawa. Nan ake yi masa tsiya.

"Likita, kai da ka iya allura, mi ya hana ka yi wa kanka ta ƙiba?" in ji arɗon wata ruga.

"Arɗo, ƙibar na cikin ƙwaryarka, ka ƙi sakin ludayi."

Haka ya yi shekara da shekaru. A tsakani ya je ƙarin karatu Sakkwato, ya faɗi jarrabawa, ya sake zama ya ci. Da Kalgo ta samu ƙaramar hukumarta sai aka ɗaga shi, aka ba shi shugabancin sashen dabbobi a can. Matarsa Zulai ta ɗaure kaya tana murna, ta ce ko ba komai rana ta daina cin ƙeyar Malam.

Ofishin na da tebur da fanka da labule, da kuma masinja, wani dattijo Bawa, wanda ya yi wa manya hidima a Sakkwato. Ranar farko Bawa ya ɗauko abincin rana daga gida. Malam Sambo ya sunkuci kwanon zai fita gindin darbejiya inda ma'aikata ke ci, sai Bawa ya tare ƙofa cikin ladabi.

"Ranka shi daɗe, ina zuwa?"

"Wurin jama'a."

"A'a, yallaɓai. Babba ba ya tauna gaban na ƙasa da shi. Yau ka ci da su, gobe ka ce a tafi aiki ƙauyen Diggi, a ce maka mota ba mai."

Dama Malam Sambo yana tsoron a ce an ɗauko mutumin daji an ɗora a kujera. Ya koma ya zauna, Bawa ya ja labule.

Daga ranar, sai ya buɗe kwano, ya yi loma ɗaya, ya jiyo dariya a waje, tuwon ya fita ransa. Ya rufe ya tura wa Bawa. Bawa ya cinye, ya wanke tas, ya mayar gida. Zulai tana ganin kwano fes, tana kuma ganin riga na yi wa mijinta yawa. Ciki ya fara cizonsa. A asibiti aka ce gyambon ciki ne, ya riƙa ci a kan lokaci.

Wata Juma'a bayan la'asar ya ce mata, "Zulai, zan roƙa a mayar da ni allura. Kujerar nan ba tawa ba ce."

"Kujerar da ka sha wahalar karatu a kanta, Malam?"

"Gara babur da kwanciya asibiti."

Ba ta ja da shi ba. Ranar Litinin Bawa ya zo ɗaukar abinci, ya tsaya a zaure yana gaisuwa.

"Uwargida, Allah shi yi wa hannunki albarka. Miyar ran nan, wadda kifin ya sha daddawa, har yau tana bakina."

Zulai ta tsaya da kwano a hannu a bayan ƙyaure.

"Baba Bawa, ɗanɗanawa ka yi ko ci?"

Bawa ya yi tari. Da kaɗan-kaɗan ta tatsi labarin duka, har da labulen.

Washegari ta sauko da babban kwanon da ta yi tuwon sunan ɗansu Lukuman a ciki. Ta cika shi da tuwon shinkafa, ta kwarara miyar kuka da kifi.

"Uwargida, haihuwa aka yi?" in ji Bawa da ya zo ɗauka.

"Kai masa. Ka ce na ce kar loma ta dawo, kar kuma a zubar. Kai ma cikinka ɗaya ne, na sani."

A kai Bawa ya ɗauko shi, yana nishi. Kwanon ya ƙi samun wuri a tebur. Malam Sambo ya dube shi, ya dubi Bawa, ya ji saƙon. Sai dariya ta kama shi har ya dafe cikin da ke ciwo.

"Kama can, Baba."

"Yallaɓai, girma..."

"Girman ya kama nan, kai ka kama can."

Suka fito da shi gindin darbejiya. Abu direba ya miƙe da hannu duk miya.

"Yallaɓai, mu ba ka wuri?"

"Ku matsa dai."

Ya cire takalmi, ya zauna a tabarma, ya yi bisimilla. Aka fara ci a ɗarare, har Abu ya kasa daurewa.

"Ashe yallaɓai na da haƙora."

Aka fashe da dariya. Malam Sambo ya ci, ya ƙara, ya suɗe yatsu. Yana wanke hannu ya ce, "Abu, gobe da safe Diggi."

"Ko yanzu, yallaɓai. Mota cike take."

Maganar komawa allura ba ta sake tashi ba. Ciki ya lafa a hankali, ya riƙe kujerarsa har ya yi ritaya. Makiyayan da ke zuwa ofis suka gane lokacin, suka riƙa isowa da ƙwaryar nono daidai azahar.

Shi kuwa Bawa bai sauka daga ra'ayinsa ba. Yakan ɗebi nasa a murfin kwano, ya zauna a bakin tabarma, ya juya baya, don kar ya ga yallaɓai yana tauna.