Tarwaɗun Baba da Kwalbar Yelwa

Inna ba ta taɓa wanke bayi da abin kanti ba. Toka ce, tokar murhun da aka tuƙa tuwon jiya. Ta barbaɗa a daɓe, ta watsa ruwan zafi, ta dirje da guntuwar tsintsiya, ta matse lemun tsami a bakin salga, ragowar tokar ta juye a rami saboda ƙuda. Ruwan wankin sai ya bi rariya ta ƙarƙashin darni, ya gangara wani ɗan kududdufi a bayan gidanmu na Wara.

To, cikin kududdufin nan akwai tarwaɗa. Baba ne ya kamo su suna ƙanana ya zuba, a fitarsa kamun kifi ta ƙarshe da jirgi kafin ciwon ajali. Inna ba ta ci, ba ta sayarwa. Kullum da safe sai ta kai musu dusa, ta tsaya tana 'yar magana. Ni dai ban taɓa tambayarta da wa take yi ba.

Ranin da ya biyo bayan an ba mu jihar Kebbi, na zo daga Yelwa, inda nake aure, don bikin ƙanwata. Na taho da kwalbar maganin nan mai mayar da ruwa fari kamar nono. Baƙi za su zo, ni kuwa ina kunyar a ga toka a bayinmu. Mai kanti ya ce murfi ɗaya a bokiti. Inna na fita unguwa, na ce bayin ƙauye ai sai da yawa. Na juye kwalbar kakaf, na bi ta da ruwa, bokiti kan bokiti. Kududdufin kuwa ya ja, saura ɗan tsakiya.

Da la'asar na ji kira daga bayan gida. Na iske Inna tsaye, tarwaɗun sun taso a rigingine, cikinsu fari a sama.

"Ɗiyata, mi kika zuba?"

"Inna, maganin tsabta ne, kowa a Yelwa..."

"Kin tambayi ruwan ina za shi?"

Ban tambaya ba. Ta ɗage zani ta shiga laka tana lalube da hannu. Biyu ta samu masu motsi, ta sa su a randa da ruwan tafki. Sauran muka binne a gindin mangwaro, ita da fartanya, ni da kuka. Kafin gari ya waye ɗaya ta bi 'yan'uwanta.

Ranar biki wata gwaggo ta fito daga bayi tana tafi. "Kai! Bayinku kamar asibiti!"

Inna ta ce, "Aikin ɗiyata ne." Wallahi na gwammace ta mare ni.

Washegari na ɗebo toka da kaina, na wanke daɓen har sau uku. Tarwaɗar da ta rage ta yi rani a randa. Da damina ta wanke kududdufin, Inna ta aiko a kira ni. Muka sake ta tare, ta nutse ba ta waiwayo ba. Inna ta miƙo mini ƙwaryar dusa.

"Zuba mata. Ki gaishe shi."