Baba Mai Gora, Wanda Gari Ya Sani Ta Ƙeya

Kafin mai shara ya gama da barandar ofishin hukumar gari, Baba Mai Gora ya riga ya iso. Yakan jingine kekensa a gindin famfo, ya kwance doguwar gorarsa daga jikin keken, sannan a shiga rigimar kullum, wato shigar da gora ofis. Gorar ta fi ɗakin tsawo, don haka ta taga ake zura ta, kanta a ciki, gindinta ya gitta baranda, duk mai wucewa sai ya sunkuya. Manya ma sun saba. Masinjan ofishin ya ce a duk ginin, Baba ne kaɗai ƙaramin ma'aikacin da shugaban hukuma ke rusuna wa kowace safiya.

Aikinsa shi ne ba da izinin fareti. Duk ƙungiya ko makarantar da ke son fitowa kan titi da ganga da tuta, a gaban teburinsa take fara tsayawa. Dokokin ba su da yawa, kuma yana karanta wa kowa su da murya ɗaya, ko ka zo sau ɗari. A faɗi inda za a tashi da inda za a tsaya. A faɗi lokaci. Ba a kaɗa ganga a gaban asibiti. A bar gefe ɗaya na titi don motar asibiti da ta kashe gobara. Sai dokar da babu ita a rubuce, wadda shi ya ɗora wa kansa: ba ya sa hannu a kan hanyar da bai taka da ƙafarsa ba.

Gorar kuwa teloli ne sanadinta. Shugabansu, wanda yanzu ya yi furfura, bai taɓa ba da labarin ba tare da ya share hawayen dariya ba. A farkon zuwan Baba ofis, teloli suka nemi izini, ya duba taswira ya ga hanya ɗoɗar, ya sa hannu. Ashe sun ƙera wani ƙaton almakashi na kwali da katako, sun ɗora a bayan a-kori-kura. Ana isa kwanar kasuwa almakashin ya kama wayar wuta ya riƙe. Mota ta wuce, almakashi ya tsaya yana lilo a sama, unguwa ta yi kwana da kwanaki babu wuta, masu sayar da ƙanƙara suna neman teloli ruwa a jallo. Washegari Baba ya zo aiki da gora. Tun daga ranar, duk wayar da gorar ta taɓa, ba a bin ƙarƙashinta sai an ɗaga.

Ranar fareti kuma ba ya zama a ofis. Kafin mutane su gama sa kaya ya yi gaba. Yana tafe can nesa da sahun farko, gora a tsaye, ido a kan wayoyi da ramuka da awakin da suka kwanta tsakiyar kwalta. In ya kusa asibiti sai ya kwantar da gorar, ganguna su yi tsit, a wuce ana jin takun ƙafa kawai. Wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya ta ce da agogo suke duba maganin marasa lafiya, amma da gorar Baba suke sanin barcinsu ba zai katse ba. In an kai ƙarshe, bai tsayawa jin jawabi, sai ya bi ta wata hanya ya koma buɗe titunan da aka tare.

Kai ne, Baba, ka raba ƙungiyar makanikai da 'yan makarantar firamare ranar da suka so fitowa lokaci ɗaya, ka zaunar da shugabanninsu a benci guda har suka gaji da hararar juna suka yi musaya. Kai ne ka mayar da wani mai hannu da shuni da ya zo da rakiya yana neman a rufe masa titin asibiti, ka ba shi kujera, ka ba shi ruwa, ka ba shi haƙuri, ka hana shi izini. Ya fita yana godiya, sai da ya shiga mota ya tuna bai samu komai ba.

To ga abin da mutane ba su lura da shi ba. Mutumin da ya ba da izinin kowane fareti a garin nan bai taɓa kallon ko ɗaya ba. Kullum bayansa yake ba su. 'Yan badujala sun san ƙeyarsa fiye da fuskarsa. Mai babbar ganga ya rantse ya taɓa wuce shi a kasuwa bai gane shi ba, sai da ya juya. Maiɗakinsa ta daɗe tana yi masa tsiya a kan wannan.

"Malam, yau ya faretin ya kasance?"

"Lafiya lau. Babu wayar da ta taɓu."

"Wane irin kaya suka sa?"

"Ina na sani? Ki tambayi maƙwabta."

Da can abin dariya ne. Ya daina zama abin dariya ranar da likita ya ce hasken idon Baba yana janyewa a hankali, kuma tabarau zai riƙe shi na ɗan lokaci ne kawai. Shi ya sa ya nemi ritaya. Maiɗakin nasa ba ta yi kuka a gabansa ba, amma ta kira 'yarsu ta fari, malamar makaranta, wadda ita ke jan 'yan badujalar makarantarsu da sanda a hannu. Ta ce mata, "Ubanki bai taɓa ganinki kina wannan abin ba. Ku yi yadda za ku yi ya gani tun yana iyawa."

Magana ta zaga. Teloli suka ce suna ciki, makanikai ma haka, ma'aikatan jinya, masu gidan burodi, har masu sayar da ƙanƙara da suka yafe tsohuwar gaba. Aka shirya a yi masa fareti har ƙofar gidansa. Sai aka tuna babu fareti sai da izini, kuma mutum ɗaya ke ba da shi.

'Yar ta je ofis ta sunkuya ta wuce gora.

"Baba, ina kwana. Neman izini na zo."

"A ɗakin nan ba ni da 'ya. Malama, zauna a benci."

Ta zauna. Babu kowa a layi, amma sai da ya gama goge tabaransa ya kira ta.

"Daga ina zuwa ina?"

"Daga filin ƙwallo zuwa ƙofar gidanmu."

"Gidan wa?"

"Haba Baba!"

"Sai na taka hanya."

Ya zare gora ta taga, ya tafi. Da azahar maiɗakinsa ta leƙo ta ga mijinta a tsakiyar lungunsu yana kwantar da gora daga bango zuwa bango, yana girgiza kai.

"Malam, lungun da muka aurar da yara a ciki kake aunawa?"

"Da a matsayin maigida nake binsa. Yau hukuma ce ta zo."

"To hukuma za ta ci abinci, ko ita ma sai da izini?"

Hukuma ta ci abinci, ta wanke hannu, ta koma ofis ta ƙi sa hannu. Lungu ya yi ƙunci, ba inda motar asibiti za ta raɓa, kuma ba ya ɓullewa ko'ina, a ƙofar gidansa ya ƙare. Aka yi roƙo, aka turo dattawa. Shugaban hukuma da kansa ya sunkuya ya shigo ya ce ko sau ɗaya a kau da kai. Baba ya ce wanda ya hana wasu lungunsu ba zai buɗe nasa ba. Abin da ya yarda da shi kawai, a bi babban titi a ƙare a filin gaban ofis. A can za a kafa rumfa, a ajiye masa kujera mai hannu, ya zauna ya yi kallo kamar kowa. Sabon jami'in da zai gaje shi, mutum mai natsuwa da ya haddace dokokin tun makon farko, shi zai shige gaba.

Ranar ta zo. Aka zaunar da Baba a rumfa tun da hantsi, cikin sabuwar riga. Ya zauna kamar an ɗora shi a kan ƙusa. Can ya tuna an yi iska jiya, kuma akwai wata waya kusa da gidan burodi da bai taɓa yarda da ita ba. Ya ce wa na kusa da shi zai ɗan zaga. Ya zaga ta bayan ofis, ya zare gorarsa ta taga, ya yanke ta lunguna har filin ƙwallo. Yana isa ana busa usur. Ƙafa ta yi abin da ta saba. Ya shige gaba, ya ba su baya.

Wayar gidan burodi lafiyarta lau. Sai dai da ya ɗaga kai zai duba ta, ya ga kamar hayaƙi ya rufe ta. Ya shafa fuska, ya shafa aljihu. Tabarau na gida, a aljihun tsohuwar riga. Babu tabarau, ko an mayar da shi kujerar rumfa, inuwoyi kawai zai gani suna wucewa. Ga bakin lungunsu nan gaba kaɗan. Ya ce a ransa bari ya yi maza ya ɗauko, fareti ya miƙe da sabon jami'i yadda izini ya ce, shi ya fita ta ƙofar baya ta gidansa ya riske su. Ya karya kwana.

Abin da bai lissafa ba shi ne, babu ɗan badujala a garin nan da ya taɓa karanta takardar izini. Gora suke bi. Gora ta yi hagu, 'yarsa ta yi hagu, ganguna suka yi hagu, teloli da sabon almakashinsu da suka rage wa tsawo suka yi hagu, gari kaf ya tsiyaye cikin lungu. Shi kuwa Baba yana jin ganga a bayansa bai ga abin mamaki ba. Kunnen da ya tsufa da ganga a ƙeya ba ya ɗaukar ta labari.

A can rumfa manya sun miƙe suna gyara hula. Sai ga sabon jami'i shi kaɗai a tsakiyar babban titi, yana taku a natse, takarda a hannu. Ya iso gaban shugaban hukuma ya ƙame ya ce, "Ranka ya daɗe, mun iso." Shugaba ya leƙa bayansa ya ce, "Kai da wa?"

A ƙarshen lungu kuwa, maiɗakin Baba ta fito ke nan za ta tafi rumfa, tabarau a hannu, wanda ta tsinta a aljihu tana ninke tsohuwar rigar. Ta ga mijinta na zuwa da gora, ta ga abin da ke biye da shi. Ta karɓi gorar ta jingine da bango, ta sa masa tabarau, ta kama kafaɗunsa biyu ta juya shi.

Lungu ya cika maƙil daga bango zuwa bango. Jajayen riguna, fararen huluna, ƙahonni na walƙiya a rana, ma'aikatan jinya a jere, makanikai da suka yi wanka har ba a gane su. A gaban kowa ga 'yarsa, kai a sama. Ta wulla sandarta ta yi juyi a iska, ta cafe ba tare da ta kalla ba. Baba ya tsaya baki buɗe. Ya cire tabarau ya goge ido da hannun sabuwar riga, ya yi maza ya mayar don kada wani abu ya wuce shi.

"Ashe haka kike yi?" ya ce. "Duk shekarun nan?"

"Haka nake yi, Baba."

"Sake in gani."

Ta sake, har ta fi ta farko nisa. Ya bi sandar da ido har ta dawo hannunta. Sannan ya ce, "Ki riƙa ragewa. Akwai waya a sama."

Da aka natsa sai hukuma ta farka a jikinsa. Ya tambaya da ƙarfi wa ya jawo fareti lungun da aka hana. Mai babbar ganga ya nuna shi da sandar kiɗi. Sai Baba ya ce a shaida, a duk garin mutum ɗaya ne ya bi doka yau, kuma yana can rumfa shi kaɗai. Washegari da hannunsa ya kai wa sabon jami'i gorar, ya nuna masa tagar da ake zura ta. A ranar faretin kuwa, fitar da jama'a daga lungun da baya da baya aka yi, almakashi na gaba, Baba na fuskantar su yana ba da umarni, bai ko ƙifta ba.

Baba Mai Gora, mun gode. Mun yi rawa a titi shekara da shekaru, mun koma gida da ƙafafunmu, ba mu taɓa tambayar wa ya riga mu taka hanyar ba. Kai ne ka ba mu baya don ka duba mana gaba, mai sa ganga shiru saboda mara lafiya ya yi barci. Allah ya saka maka, ya riƙe maka hasken idonka fiye da yadda likita ya zata. Ku kuma da ke zaune a bayan tebur da biro a hannu, kafin ku sa hannu a kan abin da mutane za su bi, ku tashi ku taka shi tukuna.

Yanzu ranar fareti za ku same shi a bakin babban titi, a kujerar roba, maiɗakinsa a gefe. Ta ce ta huta da tambayar maƙwabta. Shi ke gaya mata kalar kayan kowa, ɗaya bayan ɗaya, da sauri, kamar mai tara abin da zai buƙata nan gaba.