Tulun da na ɗora wa mahaifiyar abokina a ka

Shekarun baya, lokacin ina zaune a Masaka ina aiki a wani ofis a Wuse, ciwon zane ya kama ni haka kawai. Bidiyo na gani a waya, wani yana zana fuskar mutum da alƙalami a kan gilashi kamar wasa, na ce ai wannan ko ni zan iya. Asabar na zagayowa na shiga kasuwa na sayi tab na hannu, wato kwamfutar nan mai kama da allo, da alƙalaminsa.

Makarantata ita ce cunkoson Mararraba. Ina zaune a bas ina kallon darasi, in na dawo gida in gwada. Watan farko na zana kyanwar maƙwabtanmu, matata ta duba ta juya tab ɗin sama da ƙasa, ta ce, "Abban yara, wannan akuya ce ko kujera?" Ban yi fushi ba, don ni ma da na sake dubawa ban iya rantsewa ba. Amma bayan wata bakwai ko takwas hannuna ya fara faɗawa, musamman a fuska. In ka ba ni hoto zan kwafa maka shi har a gane ka. Daga nan kaina ya fara girma.

A ofis akwai abokina, teburinmu na kallon juna. Bagbagyi ne, daga wani ƙauye kusa da Kwali. Mahaifiyarsa maginiyar tukwane ce, ta rasu kusan shekara guda kafin lokacin. Wata rana bayan ya gama leƙen abin da nake zanawa, sai ya ciro katin zaɓe daga walat ɗinsa ya ajiye a gabana.

"Oga mai zane, ka ga wannan? Shi kaɗai ne hoton Mama da muke da shi. Ba ta son kyamara ko kaɗan."

Hoton bai fi kan babban yatsa ba. Ta ɗaure fuska kamar wadda aka kama da laifi.

Ya ce za su yi addu'ar cika shekara a cocinsu, kuma yana so a buga hoto babba a rataye a gidan. "Ba na so yarana su tashi suna tunanin kakarsu ita ce wannan matar ta kati. Ka zana min ita a tsaye, da tulunta, yadda take. Za ka iya?"

Na ce zan iya tun bai rufe baki ba.

Sati uku na yi a kan fuskar. Kullum in kawo masa, ya ce hancin ya yi tsawo, ko ya ce tana da wushirya, ko ya ce idonta ba ya buɗewa haka in tana dariya. Ranar da na dace, ya kalli fuskar, ya tashi ya fita waje ya daɗe. Sauran jikin kuwa na ƙi nuna masa, wai ina so ya zama bazata. Na tsayar da ita ƙyam kamar sanda, kafaɗu daidai wa daida, yadda darussan suka koya min. Na ɗaura mata zani, na ɗora mata tulu a ka, har da gammo. Gammon nan kwana biyu ya ci min, kuma da shi na fi alfahari. Ban tambayi kowa ba. A Zariya na tashi, duk macen da na taɓa gani da tulu a ka yake, to mene ne abin tambaya?

Saura kwana takwas a yi taron, ranar Asabar, muka tafi ƙauyen don yayar marigayiyar ta sa albarka kafin a kai wa mai bugawa ranar Litinin. Mun same ta a tsakar gida tana cuɗa yumɓu, tsohuwa 'yar siririya. Bayan gaisuwa na buɗe tab ɗin na miƙa, ina jiran yabo.

Abokina ne ya fara gani. Na ga ya ɗan dafe goshi. Tsohuwar ta goge hannu a zani, ta kawo fuskarta kusa da gilashin, ta daɗe tana kallo.

"Fuska nata ne," ta ce. "Amma ɗana, wa ya ɗora mata kaya a kai?"

Na ce, "Ni ne, Mama. Ai tulunta ne."

"Tun da aka haife ta har aka binne ta, kai nata bai ɗauki ko kofi ɗaya ba. Mu ba mu sa kaya a kai. Kai yana da aiki nashi, shi ne yake tunani wa duk jiki. Kaya na kafaɗa ne." Ta mayar min da tab ɗin. "Wannan kar a rataye shi. Mutane za su ce ba ɗiyarmu ba ne."

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne na sani. Shekara nawa ina wuce matan Gbagyi a bakin titi da itace ko doya a kafaɗa, ina kallonsu ta tagar mota. Idona ya gani, hannuna kuma ya zana abin da ya saba.

Amma girman kai bai sake ni nan take ba. Manhajar da nake amfani da ita tana bari ka zana kowane abu a falle daban, kamar takardu shara-shara a jere, kuma tulun fallensa daban. Na ce, "Mama, wannan ai minti biyu ne." Na goge gammon da na sha wuya a kansa, na ja tulun da yatsa na sauke shi a kafaɗa, na sake miƙa mata ina murmushi.

Wannan karon dariya ta yi, har wasu mata biyu da ke gefe suka taso suka leƙa, su ma suka kama baki. Tulun yana zaune a kafaɗar kamar an manna shi da gam, matar kuma tana tsaye ƙyam ba ta san da shi ba.

"Wanda ya ɗauki kaya shekara hamsin ba ya tsayawa haka," in ji tsohuwar.

Abokina ya ja ni gefe ya ce a hankali, "Bar shi kawai, a yanke fuskar a buga ita kaɗai." Na ji yadda ya faɗa. Fuska kaɗai ai katin zaɓen ne aka ƙara wa girma, kuma ba shi ya roƙe ni ba.

Muna cikin haka sai tsohuwar ta shiga ɗaki ta fito da tulu. Ta sa aka zuba masa ruwa, wai wofi ba ya nuna gaskiya. Ta durƙusa, ta juya shi ta wata hanya da ban iya bi da ido ba, sai ga shi ya zauna tsakanin kafaɗarta ta hagu da bayan wuya. Nan take jikinta ya canza. Kai ya sunkuya gaba ya karkata dama, kafaɗa ɗaya ta yi ƙasa, ƙugu ya fita gefe, hannu ya tashi ya riƙe bakin tulun da yatsu uku kawai.

"To, duba da kyau," ta ce. "Ni da ita tafiya ɗaya muke."

Ban taɓa zana mutum mai rai ba sai ranar, kullum hoto nake kwafa. Na buɗe sabon falle na fara. Sau uku abokina yana cewa ta sauke ta huta, tana ce masa ya rufe mata baki. Ta fi rabin awa a tsaye, gumi yana bin wuyanta. Ni kuma na share jikin nan na sati guda gaba ɗaya, na sake gina shi a karkace.

Layuka ne kawai, babu launi, lokacin da na ce ta zo ta gani. Ta sauke tulun, ta karɓi tab ɗin da hannu biyu. Ba ta kalli fuskar ba sam. Ta sa yatsa a kan kafaɗar hagu ta hoton, daidai inda ta lotsa, yumɓu ya ɓata gilashin.

"Nan ne yake mata ciwo," ta ce. "Kullum nan nake shafa mata man kaɗanya. Ta ce kar in gaya wa yara."

Abokina, wanda da kuɗin tukwanen nan ya yi karatu har ya samu tebur a Wuse, bai taɓa jin wannan ba sai a lokacin. Ya zauna a kan turmi ya rufe fuska da hannu. Babu wanda ya ce masa ya yi haƙuri, aka ƙyale shi.

An buga hoton, an rataye. Ba wani gwanin zane ba ne, yanzu in na gan shi ina ganin kurakurai a yatsu da ninkin zani. Har yau ina zane a ƙarshen mako, ban zama kowa ba a harkar, ban kuma nema ba. Abin da ya canza kaɗan ne: in aka ce in zana mutum, sai na nemi wanda ya san shi ya nuna min yadda yake tsayuwa kafin in taɓa alƙalami.

Abokina ya ce min da yaransa suka ga hoton, babbar ta tambaye shi me ya sa Kaka ta karkace. Ya ce ya zaunar da su ya gaya musu dalili.