Mai Casa'in da Mai Hamsin

Har yau in na ji ƙanshin ɗanyar gyaɗa sabuwar cira, raina ɓaci yake yi. Abokaina su yi ta tsokanata, wai ina aka taɓa ganin ɗan ƙauyen Balan, inda kowa manomin gyaɗa ne, yana gaba da gyaɗa. Ni ba da gyaɗa nake gaba ba, amma ba na tsayawa yi musu bayani.

A shekarar mu biyu ne a gidanmu muke shirin jarrabawar shiga makarantar koyon gwaje-gwajen asibiti a Kano, ni da ɗan Baffa, sa'ana. Mahaifina ya rasu tun ina firamare, don haka Baffa, wansa, shi ke riƙe da gandu. Gona ɗaya, rumbu ɗaya, magana ɗaya, kuma tasa ce. Ni tun ranar da na raka Inna gwajin jini a Gaya, na ga wani mutum ya leƙa na'ura ya faɗi abin da ke cin ta wata da watanni, na ce aikin nan nake so. Ban taɓa son wani abu kamarsa ba.

Akwai wata manhaja da ɗalibai ke tura wa juna a waya, cike da tambayoyin gwaji, bayoloji da kemistiri da sassan jikin mutum. In ka gama amsawa sai ta nuna maka makinka da manyan lambobi, kaza cikin ɗari. Hanya biyu gare ta. Ko ka ce ta ba ka sababbin tambayoyi ta sa maka lokaci, ko ka ce ta maimaita maka waɗanda ka riga ka yi.

Ni sababbi nake ɗauka kullum. In an tashi daga gona sai in hau keke zuwa Gaya inda sabis ya fi ƙarfi, in zauna a rumfar mai cajin waya, manhajar nan ta yi ta marina. Arba'in da wani abu na fara samu. Duk wadda na faɗi sai na karanta dalili, wani lokaci in ji kamar in jefa wayar a kwata. A hankali na hau hamsin, na wuce, na tsaya wajen hamsin da takwas. Wani malaminmu na sakandare ya duba ya ce, wanda ke haye rabi a sababbin tambayoyi, ga agogo yana bin sa, ya kama hanya, ya dai ƙara ƙoƙari.

Ɗan'uwana kuwa maimaitawa yake. Ba mugu ba ne, wallahi, yana dai son ya ga lambar ta zama koriya. Ya yi ta juya tambayoyin nan har ya san amsa tun bai gama karanta layin farko ba. Casa'in da biyu, casa'in da biyar. Na ce masa, "Kai, wannan fa hadda kake yi, rufe wayar in tambaye ka dalili." Ya yi dariya ya ce baƙin ciki ne ke damuna.

Sai jarrabawar ta faɗo daidai cirar gyaɗa. Akwai rajista, akwai darasin share fage na 'yan makonni a Kano, sannan a zauna. Gyaɗa kuwa ba ta jiran kowa. In ruwa ya ɗauke ƙasa ta yi tauri, rabinta a ƙasa za ta tsinke. Baffa ya ce ba zai saki majiya ƙarfi biyu a lokaci guda ba, ɗaya zai tafi, ɗaya zai tsaya.

Abin da ke ƙona min rai shi ne, a duk yankinmu ban san wanda ya kai Baffa iya duba gona ba. Da safen ranar da zai yanke hukuncin ma tare muka je gonarmu ta hanyar Ajingi. Bai taɓa tuge gindin bakin hanya ba, ya ce nan shanu ke zubar da kashi, gyaɗar wurin ƙarya take yi wa mai ita. Sai ya kutsa tsakiya, ya tuge nan, ya yi gaba ya tuge can, ya je inda ƙasa ta fi rauni ya tuge, ya fasa ya duba cikin ɓawon, sannan ya ce ta yi ko da saura. Mutumin da ya san wannan!

Bayan la'asar ya kira mu zaure ya ce kowa ya kawo wayarsa. Ya nisanta ta da ido ya karanta ta ɗansa, casa'in da huɗu. Ya karanta tawa, hamsin da bakwai. Ya ajiye su a kan tabarma gefe da gefe.

"To ai magana ta ƙare," in ji shi.

Na ce, "Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya, lambobin nan ba iri ɗaya ba ne. Nawa sababbin tambayoyi ne, nasa waɗanda ya riga ya sani ne."

"Ba abu ɗaya kuke dannawa ba?"

"Abu ɗaya ne, amma..."

"Cikin ɗari ne nasa, cikin ɗari ne naka?"

Na ce e. Na dubi ɗan'uwana ko zai buɗe baki, ya sunkuyar da kai yana murza gezar tabarma. Nan zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Baffa, kai da kanka ba ka duba gona daga bakin hanya. Nasa gindi ɗaya ne yake tugewa, ya mayar, ya sake tugewa."

Baffa ya dube ni ya ce, "Yau ni za ka koya wa gyaɗa, ɗan nan?" Ya ce shi bai bambanta ɗansa da ɗan ƙaninsa ba, shi ya sa ma bai zaɓa da bakinsa ba, ya bar na'ura ta zaɓa, ita da ba ta san ɗan kowa ba. Kuma na yarda har ransa haka ya ɗauka. Da son kai ya yi, da na san da wa zan yi rigima. Na roƙa a bar ni in je ranar jarrabawar kawai, ya ce ba a yi wa mai hamsin rajista don ya je ya ga gari. Na shiga wajen Inna ina huci, ta ce, "Kul, kada ka ja da wan ubanka. Baɗi ma shekara ce."

Muka raka ɗan'uwana tashar Ajingi ya hau bas, 'yan unguwa na ta kiran sa likita. Ni na koma gona. Na cire, na shanya, na tsinke, na ɗaure harawa, hannuna duk ya faffashe. Gyaɗa ta yi kyau a shekarar, tir.

Sakamako ya fito ɗan'uwana bai ci ba, ko kusa bai je ba. Da muka keɓe ya ce min, "Wallahi ko tambaya ɗaya ban gane fuskarta ba." Ban yi masa dariya ba, tausayi ma ya ba ni. Amma can ƙasan raina na ce to yanzu kowa ya gani da idonsa, baɗi tawa ce. Ban fasa zuwa rumfar mai caji ba, har na fara taɓa sittin da wani abu.

Na bari ƙura ta lafa, aka kai amfani rumbu, sannan na sami Baffa a zauren nan na durƙusa. Na ce ina neman izini in yi rajistar baɗi. Ya dube ni da tausayi na gaske, ya dafa kafaɗata.

"Haba ɗana. Mai casa'in ya je bai ci ba, mai hamsin ina za shi?"

Ya ce ya rufe maganar makarantar nan a gidansa, kunya ɗaya ta isa. Kafin damina ɗan'uwana ya tsere Kano wajen wani mai shago, don ya gaji da 'yan unguwa masu ce masa likita suna ƙunshe dariya. Ƙafafun Baffa suka fara ciwo. Gandu ya dawo wuyana ni kaɗai, baɗi ta zo ta wuce, wata ma ta wuce.

Yanzu ni ke duba gona, kuma daga tsakiya nake tugewa yadda Baffa ya koya min. Baffa ya tsufa, yana zaune a zaure yawancin yini. In baƙi sun zo aka taɓo zancen karatu, sai ya nuna ni ya ce wannan Allah ne ya rufa masa asiri, da shi aka tura da abin ya fi haka muni. Sai ya juyo ya ce, "Ko ba haka ba, ɗana?"

Ni kuma in ce, "Haka ne, Baffa," in ɗauki buta in fita.