Gammo a Tsibirin Titikaka

Tun muna gida Parakou, a ƙasar Benin, 'yar farina ta fara kafa mini doka. Ita da abokan aikinta na Faransa za su yawon tsibiran tafkin Titikaka, can bisa duwatsun ƙasar Peru, ta biya mini jirgi wai in zo in ga duniya. Ta sayo mini jakar goyo mai igiyoyi kamar za a ɗaure akuya. Kada in yi ciniki da ƙarfi, kada in tambayi kowa ko ya yi aure. Na ce to. Amma da ta ce in rage kaya sai na yi kunnen uwar shegu, na cusa turamen atamfa da man kaɗanya, don ban taɓa sauka gidan mutane hannu rabbana ba.

Kwale-kwale ya ajiye mu a gindin wani tsibiri, gidajen da za mu kwana kuma suna can ƙololuwa. Iskar wurin ba ta ƙosar da mutum, ka ja ka ja ƙirji bai cika ba. Ban yi nisa ba igiyoyin nan suka shaƙe ni, na zauna a kan dutse ina haki.

'Yata ta duƙo kusa da kunnena. "Maman, ça suffit, ya isa haka. Akwai gida nan bakin ruwa, ki kwana, gobe mu ɗauke ki."

"A bar ni nan kamar buhun da mota ta manta?"

"Kina jinkirta mutane, Inna."

Wannan maganar ta ƙona mini rai. Ba gajiyata ce ta dame ta ba, kunyata take ji a gaban abokanta, na gani a idonta. Ni da na yi ƙuruciyata a Djougou ina ɗauko doya daga gona zuwa kasuwa, yau jaka ce za ta zaunar da ni? Na warware mayafina na naɗa gammo. Wata tsohuwar tsibirin tana saƙa a gefen hanya, na yafito ta da hannu. Ba ta jin Hausa, ba na jin nata, amma ta taso ta kama gefe ɗaya muka ɗora jakar a kaina.

"Inna, don Allah, kowa na kallonki!"

"Su kalla. Ido ba mudu ba ne."

Da ƙirjina ya samu sarari sai numfashi ya dawo, ba duka ba, daidai na tafiya. Na bi matakalan duwatsun a hankali, ina wuce gonakin dankali da tumaki, ruwan tafkin yana ta yin ƙasa. Ban waiwaya ba, mai kaya a ka ba ya waige.

A ƙofar masauki Turawan da suka riga ni suka hau tafi, waya ko'ina ana ɗaukata hoto. Ba wanda ya san cewa kayan da aka ɗora wa mutum, mutum ne ke sauke masa. Kayan suna danne mini wuya. In na sunkuya zan kife a gabansu, in na jefar kuma an ce tsohuwa ta kasa. Wani saurayi ya gane, ya miƙo hannu, na ce masa non merci, a'a na gode, ba ɗan wani ne zai sauke ni ba. Na tsaya ƙyam ina jiran 'yata. Ko kiranta ba zan iya ba, a gidanmu uwa ba ta kama sunan 'yar fari.

Sai can ta ɓullo tana haki, leɓɓanta sun bushe. Ta dubi abokanta, ta dube ni. Na ga ta tsaya tana shawara da zuciyarta, ni kuwa na rantse a raina ko zan kwana a tsaye ba zan roƙe ta ba.

Ta yar da jakarta a ƙasa, ta ratsa tsakiyarsu, ta ɗan rusuna ta kama kayan da hannu biyu.

"Sannu, Inna," ta ce da Hausa, da ƙarfi. "Bismillah, sako."